BABI NA UKU: CINIKIN KAMFANONIN MANHAJAR TACE BIDIYO DA TASIRINSA GA MASU SANA'A A SAMARU DA SABON GARI DA SHIKA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda manyan kamfanonin kwamfuta na ƙasashen waje suka riƙa saye ƙananan kamfanoni masu ƙera manhajar tace bidiyo, musamman daga shekarar 1998 zuwa 2016, da kuma yadda wannan ciniki ya shafi masu sana'ar ɗaukar bidiyo a Samaru da Sabon Garin Zariya da Shika. Abin da ake nufi da manhaja a nan shi ne tsarin umarnin da ake ɗora wa kwamfuta domin ta gudanar da wani aiki. Ita kuwa kalmar tacewa, an yi amfani da ita ne da ma'anar da masu sana'a suka san ta, wato yanke hoto da jera shi da sa masa sauti da rubutu, ba irin tacewar da hukuma ke yi wa fim kafin a sake shi kasuwa ba.

Akan ɗauka cewa cinikin da aka ƙulla a Amurka ko Kanada babu ruwansa da mai shago a Samaru, tun da ba kasafai yake sayen manhaja daga hannun kamfanin da ya ƙera ta ba. Wannan babi zai nuna cewa cinikin ya shafe shi, sai dai ba ta aljihu ya fara shigar masa ba. Ya fara taɓa gwanintar da ya koya da kayan aikin da ya tara da kuma hotunan jama'a da ke ajiye a wurinsa. Maganar kuɗi daga baya ta zo.

3.1 Yankin da Sana'ar ta Tsiro

Garuruwan nan uku suna jere ne a kan hanya ɗaya, wato wadda ta tashi daga Zariya ta nufi Funtuwa. Sabon Gari ya samu ne sakamakon isowar jirgin ƙasa a wajajen shekarar 1911, inda baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa suka zauna, kamfanonin Turawa kuma suka buɗe kantuna. Shi ya sa ake kiran wata unguwa a can da sunan PZ, wato kamfanin Paterson Zochonis. Samaru ta bunƙasa ne da tashar binciken aikin gona, sannan da Jami'ar Ahmadu Bello wadda aka buɗe a 1962. A Shika kuwa gwamnati ta kafa gonar kiwon dabbobi a 1928, wadda ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, a 1976. Asibitin koyarwa na jami'ar ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a 2005.

Wannan tsari ya raba wa garuruwan aiki. Sabon Gari ne wurin sayen kaset da faifai da kyamara da gyaransu. Samaru ce matattarar ɗalibai da shagunan buga takardu da kwamfuta, don haka a nan gwanaye suka fi samuwa. Shika kuwa, da yake ƙaramin gari ne, ya fi zama wurin da aiki ke fitowa. Aikin kuma ba ya yankewa, domin akwai bikin aure da suna da walimar saukar Alƙur'ani da naɗin sarauta da hawan salla a birnin Zazzau da bikin yaye ɗalibai da tarurrukan horar da manoma da makiyaya.

3.2 Daga Bidiyo Biyu zuwa Kwamfuta

Kafin zuwan kwamfuta, da na'urar bidiyo biyu ake tacewa. Ɗaya tana nuna kaset ɗin da aka ɗauko, ɗaya tana naɗar wurin da ake so. Idan aka gama sannan aka ga akwai gyara a tsakiya, sai a sake aikin daga wannan wuri har ƙarshe. Bugu da ƙari, duk kwafin da aka yi sai hoton ya ƙara dushewa. A zamanin kaset ɗin ne finafinan Hausa na bidiyo suka fara, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990.

A farkon shekarun 2000 kwamfutocin gwanjo suka yawaita, sai tacewa ta fara komawa kansu. Manhajar Premiere ta kamfanin Adobe ta fito tun 1991, amma tana bukatar kwamfuta mai ƙarfi da kuma horo. Waɗanda suka fi dacewa da ƙaramin shago su ne VideoStudio ta kamfanin Ulead da Studio ta kamfanin Pinnacle. Dalili kuwa shi ne an tsara su mataki-mataki, wato a janyo hoto, a tace, a fitar da shi a faifai, kuma ba sa yi wa ƙaramar kwamfuta nauyi. Haka kuma akan haɗo su kyauta a cikin kwalin katin janyo hoto, wato ƙaramin allon da ake sokawa a cikin kwamfuta domin ya ɗebo hoto daga kaset. Ke nan ba daidai ba ne a ce duk manhajar da ke shagunan nan ta satar fasaha ce. Wasu da halalinsu suka same ta, ko da yake kwafin da ake sayarwa a faifai a kasuwa shi ya fi yawo.

Abin lura a nan shi ne yadda ake koyon aikin. Ba a aji ake koyonsa ba, a gefen maigida ake zama. Yaron shago yakan koyi manhaja da ido da hannu, kamar yadda ɗan koyon ɗinki ke koyon keke. Rubutun da ke jikinta da Ingilishi yake, amma shi wurin da kowane maɓalli yake ya haddace, da abin da ke biyo bayan wani. Saboda haka gwanintarsa a ɗaure take da fuskar manhaja guda ɗaya. Idan aka sauya wannan fuska, ko aka daina ƙera manhajar, to jarinsa aka taɓa, domin ba shi da wani jarin da ya wuce wannan.

3.3 Labarin Ulead

An kafa kamfanin Ulead a birnin Taipei na Taiwan a shekarar 1989. Tun da wuri ya ɗanɗani abin da cinikin manya ke jawowa. Shi ne ya ƙera manhajar gyaran hoto mai suna PhotoStyler wadda kamfanin Aldus ke sayarwa. Da Adobe ya haɗiye Aldus a 1994, sai aka jingine PhotoStyler, domin kishiya ce ga Photoshop, wadda ita ce 'yar lelen Adobe. Ulead bai karaya ba, ya fitar da PhotoImpact domin gyaran hoto, sannan ya riƙe manhajar bidiyo iri biyu: VideoStudio ta masu koyo da ƙananan ayyuka, da MediaStudio Pro ta ƙwararru.

Wannan iri biyu yana da muhimmanci ga mai sana'a, domin tsani ne. Wanda ya fara da VideoStudio yana tace bikin aure, idan hannunsa ya faɗa, yana iya hawa MediaStudio Pro ya karɓi aikin talla ko fim, ba tare da ya bar gidan da ya saba da shi ba.

A shekarar 2005 kamfanin InterVideo na Amurka, mai manhajar kallon faifai ta WinDVD, ya sayi mafi yawan hannun jarin Ulead. Ba a daɗe ba, a watan Disambar 2006, kamfanin Corel na birnin Ottawa a Kanada ya saye InterVideo ɗin kansa a kan kimanin dala miliyan 196. Cikin ƙasa da shekara biyu ke nan Ulead ya sauya ubangida sau biyu. Sunan Corel ba baƙo ba ne a Samaru, domin da CorelDRAW ake zana katin gayyata da kalanda da bangon littafi a shagunan buga takardu. Mai ji daga nesa zai yi zaton alheri ne manhajar bidiyo ta faɗa hannun sanannen gida irin wannan.

Ta wata fuskar an sami alherin, domin Corel ya ci gaba da VideoStudio. A 2008 ya cire mata sunan Ulead ya sa nasa, ko da yake masu sana'a da dama sun ci gaba da kiranta da tsohon sunan, kamar yadda ake kiran kowane garin sabulu Omo. To amma MediaStudio Pro ba ta tsira ba. Fitowa ta takwas ita ce ta ƙarshe. PhotoImpact ma aka dakatar da ita bayan fitowar 2008, tun da Corel yana da tasa manhajar gyaran hoto, wato Paint Shop Pro, wadda ita ma sayenta ya yi tare da kamfanin Jasc a 2004. A nan tarihi ya maimaita kansa, domin sau biyu ke nan manhajar hoto ta Ulead tana mutuwa ba don masu amfani sun guje ta ba, sai don sabon ubangida yana da irinta a gida.

Wanda abin ya fi yi wa ciwo shi ne wanda ya fi ƙoƙari, wato wanda ya riga ya hau matakin sama. Zaɓinsa uku ne. Ko ya sauko ya koma manhajar masu koyo, ko ya koma ɗan koyo a Premiere ko Vegas bayan ya zama maigida, ko kuma ya tsaya a kan tsohuwar da ke hannunsa. Tsayawar ita ta fi sauƙi, kuma tana aiki na ɗan lokaci. Sai dai a 2006 kamfanonin Sony da Panasonic suka fito da sabon tsarin naɗar hoto mai suna AVCHD, kyamarori kuma suka fara barin kaset suna komawa ƙaramin katin ajiya. Manhajar da aka daina sabuntawa ba ta bin irin wannan sauyi. Saboda haka mai biki zai kawo hoton da aka ɗauka da sabuwar kyamara, maigida ya rasa yadda zai buɗe shi, aikin ya koma shagon yaron da ya yaye jiya.

3.4 Pinnacle da Sauransu

Labarin Pinnacle bai bambanta ƙwarai ba. Kamfani ne na jihar Kalifoniya da aka kafa a 1986, kuma shi ma ya girma ne da sayen ƙanana. Kamfanin Avid, wanda ya yi suna wajen kayan tace manyan finafinai, ya saye shi a 2005 a kan kimanin dala miliyan 462. Manhajar ƙwararru ta Pinnacle mai suna Liquid ta yi 'yan shekaru a hannun Avid sannan aka daina ta, domin Avid yana da Media Composer. A 2012 Avid ya sayar wa Corel sashen ƙananan masu amfani. Daga wannan shekara, VideoStudio da Pinnacle Studio, waɗanda a dā suke gasar farashi da inganci a tsakaninsu, suka koma ƙarƙashin inuwa ɗaya.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin kasuwancin Zariya. Kamfanin Lever Brothers ya sayi kamfanin Neja a 1920, sannan a 1929 aka haɗa shi da babban abokin gasarsa aka kafa UAC. Mai kawo gyaɗa ko fata kanti a wancan zamani yana iya ganin ƙofofi biyu, alhali ma'auni ɗaya ne da aljihu ɗaya a bayansu.

Matsalar Pinnacle ta musamman ita ce katin janyo hoto. Katin ba ya aiki sai da wata ƙaramar manhaja da ke sada shi da kwamfuta, wadda masu sana'a ke kira direba. Da Windows Vista ta fito a 2007, Windows 7 kuma a 2009, wasu tsofaffin katunan ba a yi musu sabon direba ba. Katin lafiyarsa ƙalau, amma ba ya aiki sai a Windows XP, wadda Microsoft ya daina kula da ita a 2014. Adalci shi ne a faɗi cewa ko ba a sayar da kamfani ba, tsohon kaya yakan kai ranar da za a bar shi. Abin da ciniki ke yi shi ne gaggauta wannan rana, domin sabon mai kamfani ba shi ne ya sayar da katin ba, kuma ribarsa tana ga sabo.

Akwai wasu misalan da suka isa a ambata a taƙaice. Kamfanin Apple ya sayi Final Cut daga Macromedia a 1998, ya fitar da ita a 1999 a kan kwamfutocinsa kaɗai. A 2002 ya sayi kamfanin Nothing Real mai manhajar Shake da kamfanin Emagic mai manhajar kiɗa ta Logic, duka biyun kuma ya daina yi wa Windows. A ƙasar da kusan kowane shago da Windows yake aiki, wannan rufe ƙofa ne. Haka kuma Adobe ya sayi kayan kamfanin Syntrillium a 2003. Manhajarsa ta sauti Cool Edit Pro, wadda situdiyoyin waƙa da na fim suka saba da ita, ta koma Audition, ita kuwa ƙaramar mai araha, Cool Edit 2000, aka yi watsi da ita.

Ba kowane ciniki ne ya zama asara ba. Kamfanin Sonic Foundry yana cikin matsin kuɗi lokacin da ya sayar wa Sony manhajar Vegas a 2003, kuma a hannun Sony ta ƙara ƙarfi har ta shekara 13 kafin a miƙa ta ga kamfanin Magix na Jamus a 2016. Misalin da ya fi wannan shi ne na da Vinci. Kayan gyaran launinsa a dā sai manyan gidajen fim ke iya saye. Bayan Blackmagic Design na Ostareliya ya saye shi a 2009, sai ya karya farashin, a 2011 kuma ya fitar da wani nau'in manhajar Resolve kyauta. Bambancin a fili yake. Blackmagic ba shi da wata manhaja irinta a gida da zai kare, kuma cinikinsa na kayan ƙarfe ne, don haka yawan masu amfani da manhajar riba ce a gare shi. Daga nan za a iya fahimtar cewa girman mai saye ba shi ne ma'auni ba. Abin dubawa shi ne ko yana da kishiyar abin da ya saya. Duk da haka kyautar ba ta isa kowane shago ba, domin Resolve tana bukatar kwamfuta mai ƙarfi, ita kuma tana bukatar wutar da sau da yawa sai an tayar da janareta.

3.5 Daga Saye zuwa Haya

Maganar aljihu ta zo ne a watan Mayun 2013, lokacin da Adobe ya sanar da cewa ya daina fitar da sababbin manyan manhajojinsa domin sayarwa, sai dai a biya kuɗin haya wata-wata ko shekara-shekara. Wannan ba ciniki ba ne na sayen kamfani, amma 'ya'yansa ne. Kamfanin da ya haɗiye Aldus a 1994 da kayan Syntrillium a 2003 da Macromedia a 2005 da Serious Magic a 2006 ya kai matsayin da zai gindaya sharaɗi ba tare da tsoron masu amfani za su watse ba.

Ga mai sana'a a Nijeriya hayar tana da nauyi biyu. Na farko, da dala ake lissafinta. A 2013 dala ɗaya tana wajen naira 160, a 2024 kuwa ta haura naira 1,500, alhali ladan ɗaukar biki bai ninka haka ba. Na biyu, ko mai kuɗin ma sai ya sami hanyar biya. A 2022 bankuna da dama sun rage abin da za a iya kashewa a ƙasashen waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya suka dakatar da shi gaba ɗaya, ba su dawo da shi ba sai a 2025. Cibiyoyin ilimi da na bincike ma abin bai bar su ba, domin tsarin kasafin gwamnati ya fi sabawa da sayen kaya sau ɗaya a ajiye, ba biyan haya da kuɗin waje kowace shekara ba. Wanda kuwa hayarsa ta ƙare, manhajar takan rufe, ayyukansa na baya kuma ba zai iya komawa ya gyara su ba sai ya biya.

3.6 Abin da ke Ajiye

Asarar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta hotunan da aka riga aka ɗauka. Domin a gane ta, sai an san cewa fayil ɗin aiki da mai tacewa ke ajiyewa ba hoto ba ne. Jerin umarni ne kawai, wanda ke cewa a ɗauko daga nan zuwa nan, a sa wannan sauti, a rubuta wancan suna. Kowace manhaja kuma da irin nata, wata ba ta karanta na wata. Ko a gida ɗaya ma hakan na faruwa, domin Final Cut Pro X da Apple ya fitar a 2011 ba ta buɗe ayyukan da aka yi da wadda ta gabace ta. Idan manhaja ta mutu, fayilolinta sun zama kamar makulli ba ƙofa.

Abin da mai biki ke tafiya da shi gida a waɗannan shekaru yawanci faifan VCD ne, wanda hotonsa bai kai na kaset ɗin kyamara kyau ba, kuma yana saurin karcewa. Ainihin kaset ɗin kuwa akan sake naɗar wani biki a kansa saboda tsada. Wanda ya tsira daga wannan, zafi da ƙurar hunturu suna cinsa a hankali. Ba a kan kamfanoni kaɗai wannan laifi yake ba, akwai sakacin ajiya da rashin wata ma'adana da ke karɓar irin waɗannan hotuna. Amma mutuwar manhaja da ta kati ita ce ke toshe hanyar ceto abin da ya rage.

Abin da ke cikin waɗannan kasa-kasai ya wuce nishaɗi. A ciki ne ake ganin yadda ake kamu da budar kai a Shika shekaru ashirin da suka wuce, da irin suturar da ake yayi, da muryar makaɗa da maroƙan da ba su taɓa shiga situdiyo ba, da karatun malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da fuskar unguwannin Samaru kafin a cike su da gine-gine. Mai nazarin harshe ko al'ada ko tarihi zai bukace su kamar yadda na baya suka bukaci takardun ma'adanar tarihi ta Kaduna.

Domin a juye kaset guda na VHS daga cikinsu zuwa kwamfuta, ana bukatar na'urar bidiyo mai lafiya da katin janyo hoto da direban da ya dace da shi. Ana samun sababbin ƙananan na'urorin janyo hoto masu araha a kasuwa, amma ita na'urar bidiyon babu sabuwa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera ta, ya dakatar da aikin a watan Yulin 2016. Waɗanda suka rage su ne na hannun masu gyara, inda ake cire kayan wata a rayar da wata.